Gonar Amsatu

Ranar wata Laraba ce bayan la'asar, cikin watan Oktoba na 1984, lokacin da a ƙa'ida ya kamata ƙauyenmu na ƙasar Gafati ya cika da hayaniyar masu ɗaukar dami da masu sussuka. A wannan shekarar babu ko ɗaya. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, rumbuna suna buɗe awaki na leƙa su. Ina tsugune a tsakar gida ina tsince tsakuwa daga 'yar tsabar da ta rage mana, kakata Gaji tana daka, maza kuma suna ƙofar zaure sun kewaye rediyon Mushe Yohanna, malamin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, da aka sauke a ɗakin zaurenmu. Mai karanta labarai ya ce a wata ƙasa can gabas mai nisa ruwa ya yi ambaliya ya ci garuruwa, mutane masu ɗimbin yawa sun mutu. Ya faɗi adadin, ban riƙe ba, ba na jin akwai wanda ya riƙe. Sai Baba Idi, ƙanen mahaifina, wanda bakinsa bai taɓa sanin hutu ba, ya ce, "Ruwa ne ya yi musu yawa? To su turo mana ragowar." Aka kwashe da dariya, kafin ta lafa rediyon ma ya saki kiɗa. Na ji tabarya ta tsaya. Kaka ta ɗauki wani babban masaki, ta ratsa zaure, ta shiga tsakanin maza ba ko sallama, ta kife shi a kan rediyon. Kiɗan ya ci gaba ƙasa-ƙasa daga cikin masakin, ita kuwa ta dawo ta jingine tabaryarta da katanga, ba ta ƙara daka ba ranar.

Wanda bai san Kaka Gaji ba zai ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Ba tsufa ba ne. Ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu da 'yan ƙauyukan da ke kewaye da mu, kuma har yau ban ga wanda ya ɗauki mutuwa da girma kamarta ba. Gajeriya ce, siririya, dugaduganta duk faso, amma in aka ce an yi rasuwa a Guna ko a wajen Damagaram Takaya, muddin ta taɓa shan ruwan gidan, za ta yafa mayafi ta kama hanya ko da ranar shuka ce. A wurinta labarin mutuwa yana da ladabinsa. Wanda ya kawo shi ba ya faɗa a tsaye, ba ya faɗa daga bakin ƙofa. Zai shigo ya tsuguna, a miƙa masa ruwa ya kurɓa, sannan ya faɗi sunan mamacin da sunan ubansa da garinsu. Da an ji, mai riƙe da tabarya za ta jingine ta, mai tankaɗe ta ajiye faifai, a yi innalillahi, sannan a tambayi gidan da za a je gaisuwa. Haka na tashi na ga ana yi a kowane gida. Ko mu yara, in muna tsakiyar gaɗa ko carafke aka ce ga mai sanarwa ya shigo, sai kowa ta dunƙule duwatsunta a hannu ta yi tsit.

Mushe Yohanna ya ɗage masakin ya kawo shi har tsakar gida da hannu biyu. Mushe muke kiran duk malamin lakwal. Shi Kirista ne ɗan birnin Zinder, mahaifinsa ma'aikacin asibiti, duk Lahadi yakan hau kekensa ya tafi coci, ya dawo da pil, wato batirin rediyo, da 'yan dabino a aljihu don mu. Ya durƙusa ya ba Kaka haƙuri, a zatonsa ƙarar ce ta dame ta. Ta ce ba ƙara ba ce. Maganar Idi ita ta haife shi, za ta ji da bakinsa daga baya. Sannan ta nuna zaure da haɓa ta ce, "Wannan abin naka ba shi da tarbiyya. Ya faɗi mutuwa a tsaye, bai faɗi suna ba, bai faɗi gidan da za a je ba, ya kama kiɗa." Mushe ya yi mata bayani a hankali cewa mutanen sun yi yawa, in aka ce za a kira su ɗaya-ɗaya sai a kwana a wuni ba a gama ba, kuma ana faɗa ne don duniya ta sani, mai addu'a ya yi addu'a, mai taimako ya taimaka. Kaka ta ce in ba zai iya kiran duka ba, ya kira ɗaya. Ba ta yarda da tasa ba, shi ma bai yarda da tata ba, aka rabu a kan cewa lokacin labarai rediyo zai riƙa komawa gindin bedi, itacen dogon yaro, a filin lakwal. Maza suka bi shi can da buzayensu.

Zan tsaya a kan Baba Idi, don na sha jin 'yan birni da 'yan boko suna cewa mu mutanen ƙauye zuciyarmu ta bushe, a gaya mana duniya na ƙonewa mu ce ko oho. Wannan maganar ban yarda da ita ba, ba kuwa zan yarda ba. Baba Idin nan da ya yi dariya, ni na gan shi yana hawaye ranar da jakinsa ya faɗi ya kasa tashi. Shi ne ya goya ɗan maƙwabcinmu a baya ya kai shi wurin likita da tsakar rana, ya dawo ƙafa duk ta kumbura. Mutum irin wannan ba mugu ba ne. An miƙa masa abin da ba shi da wurin kamawa ne. Da an ce masa wani manomi ruwa ya tafi da rumbunsa da 'yarsa ƙarama, da ya yi shiru, don ya san rumbu ya san 'ya. Amma aka ba shi adadi, adadi kuwa ba ya da fuska, ba ya da ƙofar gidan da za ka je ka cire takalmi. Ga kuma ciki babu komai, ga gona ta ƙone, sai a ce maka wasu ruwa ne ya kashe su. Ya kama abin da ya sani a cikin labarin, wato ruwa, ya bar sauran ya wuce.

Kafin farin, rayuwarmu ba ta wadata ba ce, amma ta ƙoshi ce. Banda gandu, wato babbar gonar gida da maza ke jagoranta, Kaka tana da gamanarta, 'yar gonar da mace ke nomawa don kanta. Tata tana bakin hanyar da ke zuwa birni, kowa ya wuce sai ya gan ta. A nan na koyi bin bayan mai sungumi ina jefa iri ina rufewa da diddige, a nan na koyi korar tsuntsaye da gwangwani, a nan muke tona gyaɗa ɗanya mu gasa a ƙaiƙayi mu dawo gida baki baƙi ƙirin Kaka tana ce mana ɓarayin gida. Geron gamanar yana da ɗan rumbunsa daban, ba a taɓa shi sai rani ya tsananta, sannan ta riƙa dama mana fura da hantsi, mu jikoki, ta zauna tana kallonmu tana mita wai muna sha kamar raƙuma. Da damunar 1984 ta ƙi, mahaifina ya tattara irin da ya rage daga bara, na gandu da na gamana, ya gauraya da toka don ƙwari, ya zuba a wani babban tulu, ya liƙe bakin da yumɓu. Aka tura tulun ƙarƙashin gadon Kaka. Ya ce ko me za a ci kada a taɓa wannan, sannan ya ɗauki sandarsa ya bi sauran maza Kano neman abin da zai aiko.

Abin da muka ci a watannin da suka biyo baya, yaran yanzu ko sunansa ba su sani ba. Muna tashi da sassafe mu shiga daji tsinkar anza, a jiƙa 'ya'yan kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, kuma bai taɓa fita duka ba. Muka ci ganyen jiga, muka ci dusa, muka sussuke ƙarangiya don 'yar ƙwayar da ke ciki, hannu duk ƙaya. Lakwal ɗinmu na zana ne, kullum sai ka ga wurin zaman wani babu kowa, an tafi da shi kudu. Mushe ya daina sa mu gudu a fili, in an fito hutu sai mu jera a inuwa muna zane da yatsa a ƙasa. Gaɗa ta mutu da kanta, ba wanda ya hana. Wata rana kamiyo, babbar motar kaya, ya zo da buhunan jar dawa ta taimako, aka raba, Mushe ya shigo da murmushi ya ce wa Kaka ga amsar gardamarsu: mutanen da suka aiko da wannan ba su san sunan kowa a nan ba, labari kawai suka ji a irin rediyon da ta kife. Kaka ta juya dawar a tafin hannu ta ce Allah ya saka musu, sannan ta tambaye shi sunan wanda ya aiko don ta san wanda take wa godiya. Ya ce bai sani ba. Ta ce to su da rediyon duk gida ɗaya suka fito. Ta ci tuwon dawar sarai, ba ta bar ko loma ba.

Da bazara ta shigo sai mutanen arewa suka fara gangarowa ta hanyarmu. Makiyaya ne da manoman Damargu waɗanda dabbobinsu suka ƙare, suna tafiya Zinder don sun ji ana rabon abinci. Na farkon da suka zo an tarye su, an shimfiɗa musu tabarma, an tambaye su gari da dangi. Da suka yi yawa sai aka rage tambaya, daga baya aka daina. Ba ƙeta ba ce. In ka tambayi mutum sunansa ya zama baƙonka, baƙo kuwa sai an ba shi abinci, mu kuma ba mu da shi. Sai aka koma ce musu "masu wucewa". Za ka ji an ce masu wucewa sun kwana a bakin rijiya, ko an ce ɗaya daga cikin masu wucewa bai tashi ba. Maza sukan yi masa sutura yadda addini ya ce, a sallace shi a binne, kowa ya koma gida. Ba sanarwa, ba zaman makoki, ba tabaryar da ta tsaya. A nan na fara gane cewa nisan da ake faɗa ba na tafiya ba ne. Mutanen ambaliya suna bayan teku, waɗannan suna gindin aduwarmu, amma a kunnen ƙauye duk ɗaya suka zama.

Ni kuwa Allah ya yi ni da tambaya, har Kaka ta laƙaba mini Uwar Tambaya. Ban fi shekara goma ba a lokacin. Wata rana da yamma na je rijiya da ɗan tuluna, na tarar da wata mata ita kaɗai a gindin aduwa, ta jingina da kututture, gefenta wata ƙwarya mai ɗinki. Ba tsohuwa ba ce can, amma wuyanta ya zama kamar kara. Na ba ta ruwa ta sha, ta dubi rijiyarmu ta taɓe baki, ta ce wanda ya haƙa wannan bai iya ba, bakin ya karkace, da ubanta ne da ba haka ba. Abin ya ba ni haushi, mace na shan ruwanmu tana kushe rijiyarmu. Na ce wane ne uban naki. Ta ce Tanko mai haƙar rijiya, duk Damargu an san shi. Na ce ke fa. Ta ce Amsatu. Na tambaye ta 'ya'yanta, sai ta ce in taya ta duba ko akwai ƙaya a tafin ƙafarta. Na cire mata biyu. Ranar Kaka ba ta gida, ta tafi gaisuwa Guna. Na roƙi mahaifiyata ta tsiyaya mini ɗan kunu na kai mata, na ce ta shigo gida ta kwana, ta ce a'a, da asuba za ta wuce.

Ba ta wuce ba. Da hantsi Kaka ta dawo ta tarar ana cewa wata mai wucewa ta rasu a bakin rijiya, ana jiranta ta yi wanka. Ko ruwa ba ta sha ba ta tafi. Likkafani ya gagara, don yadi fari ya ƙare a ƙauye saboda yawan mutuwa, sai Mushe Yohanna ya shiga ɗakinsa ya fito da sabon zanen gado fari da mahaifiyarsa ta ba shi, ya miƙa. Aka sallace ta aka kai ta. Da maza suka dawo suna karkaɗe hannu, Kaka ta tsaya a ƙofar zaure ta tambayi sunan wadda suka binne. Liman bai sani ba, mai gari bai sani ba, Baba Idi ya ce ai mai wucewa ce. Na ga ran Kaka ya ɓaci irin ɓacin ranar masaki. Daga bayan zana na ce na sani. Duk aka juyo. Na faɗi sunanta da na ubanta da ƙasarsu, har da maganar bakin rijiyarmu da ya karkace. Kaka ta dube ni ta ce in je in wanke ƙafa in ɗauko mayafinta.

Abin da ta sa ni yi, ba a taɓa sa yarinya ba a ƙauyenmu. Ta yafa mini mayafin nata har yana jan ƙasa, ta ce in shiga kowane gida, kada in faɗa a tsaye, kada in faɗa sai an ba ni ruwa. Na tafi, don tsoron Kaka ya fi tsoron mutane. Gidan farko na tarar da matar gidan tana surfen jar dawa. Na yi sallama na tsuguna na yi shiru. Ta dube ni, ta dubi mayafin, ta gane, ta tuna mijinta yana Kano. Ta ɗebo ruwa ta miƙo, na kurɓa na ce, "Kaka Gaji ce ta aiko ni. Amsatu 'yar Tanko mai haƙar rijiya, ta Damargu, Allah ya yi mata rasuwa. Ana zama a gidanmu." Kafin ta yi tunani ta riga ta jingine tabarya ta yi innalillahi. Sai daga baya ta ce wace Amsatu. Na ce wadda ta kwana a gindin aduwa. Matar nan da safe ta wuce ta gefen gawar da tulunta a ka, amma yanzu an faɗa mata a tsugune, da suna, ta kuma ba mai sanarwa ruwa da hannunta. Babu yadda za ta yi ta ce ba ta ji ba. Haka na bi gida-gida, ina jin dakan ƙauyen yana mutuwa a bayana, turmi bayan turmi, har na kai gidan ƙarshe cikina ya cika da ruwa fal.

Suka zo. Wasu da kunya, wasu da gunaguni, wasu don su ga ƙarshen rigimar tsohuwa. Kaka ta shimfiɗa tabarmi ta zauna a inda uwar mamaci ke zama, duk wadda ta shigo dole ta durƙusa ta ce mata ya haƙuri, ita kuma ta amsa kamar ita ta haife ta. Matan da suka rasa 'ya'ya a watannin nan ba su samu sun yi kuka yadda ya kamata ba, a kan tabarmar Amsatu suka yi shi. Sai dai zaman makoki yana da ƙarshensa, ranar uku ana sadaka, sadaka kuwa a wurinmu gumba ce ta gero. Gero a gidanmu wuri ɗaya yake. Da safiyar ranar na ga Kaka ta jawo tulun daga ƙarƙashin gado ta ɗauko dutse. Baba Idi ya shigo a guje ya tsaya a kanta, wannan karon ba wasa a bakinsa. Ya ce, "Inna, irin nan na masu rai ne. Matar nan ba danginmu ba ce, shekaranjiya ma ba mu san da ita ba." Kaka ta ce, "Yau ka san ta. Na gandu ba zan taɓa ba, rabon gamanata zan ɗiba." Ya ce gamanar ai ita ke riƙe yaran nan da rani, ya nuna ni. Kaka ta dube ni, na sunkuyar da kai. Gaskiya ta biyu ce a raina lokacin: ina tsoron ranin da ba fura, ina kuma mutuwar son gumbar. Ta ɗaga dutsen ta fasa yumɓun.

In za a bi hankali da lissafi, Baba Idi ne da gaskiya, ban taɓa musun wannan ba. Amma na ga abin da ya faru a tsakar gidanmu ranar, shi ma ya gani. Aka wanke geron aka sake wankewa, duk da haka gumbar ta fito da ɗan ɗanɗanon toka, babu sukari babu zuma. Kaka ta cura ta ƙanana-ƙanana don ta kai ga kowa. Liman ya zo da dattawa suka zauna a zaure, da ya ɗaga hannu bai ce baiwar Allah ba kamar yadda ya saba ce wa masu wucewa, ya kira Amsatu 'yar Tanko, jama'a suka amsa da amin. Mushe Yohanna yana gefe ya cire hularsa ya sunkuyar da kai yana tasa addu'ar. Baba Idi ya ƙi cin gumbar, ya tafi ya zauna bayan rumbu, sai ni aka ba tasa in kai masa. Ya karɓa ya riƙe a hannu ya daɗe, sannan ya gutsura rabi ya mayar mini da rabi.

Ruwa ya sauka a damunar 1985. Mahaifina ya dawo ya ji abin da aka yi da irin, bai yi faɗa ba, don uwarsa ce. Abin da ya rage a tulu da ƙyar ya ishi gandu. Kada wani ya zaci matan da suka ci gumba sun zo da iri a bakin zane sun rama wa Kaka. Ba wanda ya kawo, ba wanda yake da shi, ita ma ba ta roƙa ba. Gamanarta ta kwana babu shuka. Duk ƙasar ta yi kore shar, ita kaɗai ce fili a bakin hanya, sai tafasa da ƙarangiya. Kaka takan wuce ta gefenta kullum da safe za ta gandu, kai a miƙe, ko waiwaye ba ta yi. Da rani ya zo ɗan rumbunta babu komai, ba mu sha furar hantsi ba, mun ji a jikinmu ƙwarai, ita ta fi mu ji don nata rabon tuwon take tura mana. Sai dai duk wanda ya bi hanyar nan za shi kasuwar birni sai ya tsaya ya tambayi gonar wa ce aka bari a shekara irin wannan. Mai ba da amsa kuwa ba kowa ba ne sai Baba Idi. Don haushi yake faɗa, yana kai ƙarar uwarsa wurin duk wanda zai saurara, amma ba yadda zai ba da labarin bai kira sunan matar ba. Kafin a yi girbi, mutanen ƙauyukan da ba su taɓa ganinta ba suna cewa Gonar Amsatu.

Har yau haka ake kiran wurin. Kaka ta daɗe da rasuwa, Baba Idi ma, gonar ta sauya hannu an gina shago a gefenta, amma in ka shiga motar haya daga Zinder za ka ji yaron mota yana tambaya ko akwai mai sauka a Gonar Amsatu. Bai san ko wace ce ba, yana dai kiranta kullum. Ni yanzu a birni nake, jikokina sun kai shekarun da nake da su a lokacin. Babu daka a unguwarmu, inji ake kai wa, don haka babu tabaryar da za a jingine. Labarin mutuwa a waya yake zuwa, tsakanin hoton biki da tallan atamfa, a ture shi da yatsa ya wuce. Kwanakin baya ina tuƙa tuwo 'yata Nafisa ta shigo da wayarta tana karanta mini girgizar ƙasa a wata ƙasa, adadin yana ta hawa. Da ta ga ban ce komai ba ta ce, "Mama, ke ko a jikinki." Na ce mata ba zan yi kukan ƙarya don in burge ta ba, kuma kada ta ƙara kirana marar tausayi a gidana. In tana son in ji, ta zauna, ta daina faɗa mini a tsaye, ta nemo mini sunan mutum ɗaya da na ubansa. Ta yi tsaki, amma ta zauna. Ta daɗe tana lalube kafin ta samo, wani mai gasa burodi ne da ɗakinsa ya rufta a kansa. Na miƙa mata ruwa ta kurɓa tana dariya, da ta zo faɗin sunan sai dariyar ta tsaya. Sunan ya ƙi zama a bakina yadda masu shi ke faɗa, amma na sauke tukunya na ajiye muciya. Wannan kaɗai na gada daga Kaka, kuma ba zan sake shi ba.